Rafi Marar Suna

Koryagino,
9 ga Satumba, 2003.

Zuwa ga matata Tayisiya,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, idon da aka yi wa aiki kuma yana samun sauƙi. Ki gaida ɗanmu Gena. Matarsa Larisa in ta tambaye ni ki gaishe ta, in ba ta tambaya ba ki riƙe gaisuwar a aljihunki. Ni ma ina nan lafiya ban da gwiwa, ita kuwa kin san halinta.

Na rubuta da manyan baƙaƙe don ki karanta da kanki da idon nan guda da aka wanke. Kada ki miƙa wa Larisa. Aji biyu na yi a makaranta kafin yaƙi ya kwashe maza a ɗora ni a bayan garma, ba zan yarda wata mai jan farce ta zauna kan kujera mai laushi tana tsince mini kurakurai ba.

Bayan haka, mako uku kika ce za ki yi a birni, yau ga shi mako bakwai. Ni kaɗai na haƙe dankali. Akuya ta ƙi sakin nono a hannuna, sai kallon ƙofa take yi. Kin kuma tafi da butar shayi mai kyau kin bar mini mai yoyo, sai ka ce a birnin ba a sayar da buta. Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Taya, an ci mana mutunci. Masu gyaran hanya sun gama kwalbatin bayan gidanmu ranar Juma'a, suka kafa shuɗin allo a kan ƙarfe, irin wanda ake kafawa a bakin manyan koguna. Na ce madalla, rafinmu ya shiga sahun manya. Na sa tabarau na je na tsaya ina harhaɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Kin san me suka rubuta? Bezimyanni. Marar suna. Na koma farko na sake, ko idona ne. Marar suna dai.

Shekara arba'in da shida kowa a garin nan ya san Rafin Varya. Direban motar burodi a Rafin Varya yake cewa zai tsaya. Jikokin mutane da ke zuwa hutu daga birni a Rafin Varya ake hana su wanka. Sai wani da bai taɓa jiƙa takalminsa a ciki ba ya zauna a ofis ya share shi da alƙalami.

Na wuce gidan Zinaida Pavlovna, tunda ita ta koya wa rabin gundumar nan karatu kafin ta ajiye aiki, na ce ta rubuta mini ƙara. Maimakon ƙara sai ta zuba mini shayi ta buɗe mini aji. Wai kalmar gida biyu ce, bez shi ne babu, imya shi ne suna. Na ce, Zinaida Pavlovna, da harshen nan uwata ta zage ni, ba sai kin yanka mini shi gunduwa-gunduwa ba. Ko a jikinta. Wai tsohuwar kalma ce, an san ta tun kafin a sare itacen farko a Koryagino. Wai masu zana taswira suna liƙa ta ga duk ruwa ko tudun da ba su sami mai faɗa musu sunansa ba, har ƙasar nan ta cika da rafuka da tsaunuka masu amsa ta, mahaifinta ma a kan irin wannan tudun aka kashe shi a yaƙi. Sai ta ɗaga hannu ta nuna mini yatsan zobe. Ta ce kowane yatsa da sunansa, wannan kaɗai muke ce wa marar suna, kuma a wata faɗar mutanen dā sun ɗauka shi ne mai magani a cikin yatsu, suka ɓoye sunansa don kada mugun abu ya san inda zai same shi. Abin da aka fi ji da shi, in ji ta, shi ake ɓoye wa suna. Na ce abin da aka watsar a juji ma ba a raɗa masa suna, na ajiye mata shayinta na fito.

Ranar Alhamis ta sama zan hau bas in je gunduma da ƙafata. Ke kin san abin da ke ƙarƙashin bishiyar ryabina a bakin ruwan nan. Ba zan rubuta shi ba. Amma ba zan mutu in bar allon can yana kallonta da wannan kalma ba.

Ki riƙa sa maganin idon a kan lokaci, kada ki ce ya yi tsada ki riƙa tsallake rana. Allah Ya ƙara sauƙi.

Ni ne mijinki,
Yarmolai.

Koryagino,
19 ga Satumba.

Tayisiya,

Gaisuwa irin ta kullum. Ina fata idon ya daina ruwa. Raisa mai kai wasiƙu ta wuce ƙofarmu sau uku ba ta tsaya ba, don haka na ɗauka kina lafiya, da kin mutu ai da an sanar da ni.

Na je gunduma jiya. Na sa kwat ɗin nan mai lambar yabon noma a ƙirji, na yi awa biyu a kan benci kafin a kira ni. Matar ofishin ƙasa yarinya ce sa'ar Gena, gashinta a tsaye kamar an kifa mata kwando. Na faɗa mata abin da ke tafe da ni, ban rage murya ba, na ce a fito mini da ɓarawon da ya sace sunan rafi in gan shi ido da ido. Ta ce in zauna, ta ɗauko wani fayil ta buɗe.

Zan faɗa miki abin da ta karanta, domin gara ki ji daga bakina da ki ji daga bakin Raisa. Kin tuna masu safiyon nan biyu da suka zo bazarar bara waccan da abin awonsu mai ƙafa uku? Ashe suna rubuta komai. Ga abin da suka rubuta: “An tambayi mai gida mafi kusa da ruwan, wani dattijo, sunan rafin har sau biyu. Bai amsa ba. Ya bi mu da manjagara har kan hanya.” Ta ce ƙa'idar aikinsu ke nan, in makusancin ruwa bai ba da suna ba, a rubuta marar suna a wuce. Ta leƙo ni ta saman tabarau ta ce, kaka, ko ka san wannan dattijon?

Kada ki soma. Ina jin muryarki tun daga nan, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Sun tattake mini ciyawar da ta isa yanka, wannan na iya haɗiyewa. Amma ina suka kafa ƙafafun ƙarfen nan? A kan tudun da ke gindin ryabina, ɗayansu har yana kakkaɓe tokar tabarsa a kai. Da wane bakin zan tsaya ina yi musu bayani? Ke kuma kina tsaye a ƙofa da bokiti a hannu, kin ji sun tambaya, kina da baki kamar yadda nake da shi. Me ya hana ki faɗa? Wannan ba a rubuta shi a fayil ba.

Don baƙin cikin ya cika, ƙofar ofis a buɗe take, Arhip maƙwabcinmu kuma yana zaune a kan bencin waje ya zo gyaran takardar fanshonsa. Mutumin da shekara goma sha biyar ba mu ce wa juna kanzil ba, tun da ya yi wa karena sharrin cinye masa kaji. A bas ya zauna a bayana, ya bari sai da mota ta cika, sannan ya ce wa direba, “Ka ji, ashe manjagarar Savelich ta iya rubutu, har a taswira ta yi.” Ni Yarmolai Savelich aka mayar abin dariya, har da mata. Ban waiwaya ba. Wuyana har yanzu ciwo yake don tsabar ƙin waiwaye.

Ga abin da matar ta ce. Ana iya gyarawa in an kawo takarda kafin ƙarshen Oktoba, daga nan za su tura littafinsu sama a rufe. Takardar tana son sa hannun fiye da rabin mazauna gari. Mu tara muka rage a Koryagino, har da ke da ba kya nan, ke nan mutum biyar. A ƙasa kuma akwai layi guda da aka ce a rubuta asalin sunan, daga ina ya fito, wace ce mai shi.

Sa hannun zan nemo, ko da jan gwiwa. Layin ƙasan ne ban taɓa ba. Ba nawa ba ne ni kaɗai.

Kabeji ya yi kyau bana, babu mai yanka shi. Ki gaida Gena.

Mijinki,
Yarmolai.

Koryagino,
5 ga Oktoba.

Zuwa ga Tayisiya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar ido, na ga ɗan katin da Gena ya aiko. Layi uku, wai Mama tana lafiya, wai likita ya ce a jira a yi ido na biyu, wai Baba ya daina wahalar da kansa a kan allon hanya. Ki gaya masa ni na koya masa fyace majina, ba shi zai koya mini abin da ya isa wahala ba. Ke kuma hannunki aka yi wa aiki ko ido?

Na samu biyar. An ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba, to na durƙusa har gwiwata ta yi kanta. Zinaida Pavlovna ta sa hannu bayan ta gyara mini kalma huɗu da jan biro. Raisa ta sa a kan sirdin kekenta. Klava gwauruwar bakin rijiya ta ce sai na janye abin da na faɗa a kan kabejinta mai tsami ranar jana'izar mijinta, ta ɗebo mini kwano guda ta tsaya a kaina har na cinye. Yana nan yadda na faɗa, gishiri ya kashe shi, amma na ce ya yi daɗi. Sauran ukun, ɗaya yana asibiti, biyu sun ce tun abin da ya sami kakansu ba sa sa hannu a takardar hukuma. Da nawa huɗu ke nan. Saura Arhip.

Kwana uku ina kewaya shingensa kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ranar Laraba da hantsi na shiga, na tarar yana faskare. Na cire hula, ni Yarmolai, a gaban Arhip. Ya kafa gatari a kututture ya ce in faɗa. Na ce in faɗi me. Ya ce karen. Taya, yanyawa ce ta ci kajin nan, na ga sawunta da idona, karen kuma ya mutu shekara goma ke nan ba zai kare kansa ba. Na ce karena ne. Ya goge hannu a wando ya karɓi takardar ya sa hannu. Sai da na kai ƙofa ya yi magana, ba da muryar bas ba.

“Ko ba ka faɗa ba zan sa, Savelich. Ni na ara maka shebur ranar. Kana zaton garin nan bai san wace ce Varya ba?”

Ashe kowa ya sani. Shekara arba'in da shida ina zaton dabara na yi, na riƙa jefa sunan a cikin magana, na je Rafin Varya, saniya tana Rafin Varya, har ya kama bakin mutane. Ashe tausayina suka ji suka karɓa. Gari guda ya ɗauki sunan ya taya ni riƙewa, har da mutumin da ba na gaisarwa. Mutum ɗaya ce tak ba ta taɓa furta shi ba, ita ce wadda ta haife ta.

Tunda kin ƙi, ni zan rubuta. Watan Afrilu na hamsin da bakwai kika haifi 'yarmu ta fari, lokacin narkewar ƙanƙara, hanya ta koma taɓo. Mahaifiyata Matryona, Allah Ya ji ƙanta, ta hana a ambaci suna kafin kwana takwas, ta ce kada a jawo hankalin abin da ke yawo. A kwana na huɗu numfashin yarinyar ya canja. Na ɗaura wa doki sirdi na tafi ɗauko ma'aikaciyar jinya, kogi ya cinye gada, na zaga ta sama, kwana biyu ina dama taɓo. Na dawo a rana ta shida na tarar an riga an naɗe ta. Cocinmu a lokacin rumbun hatsi ne, limamin coci sai an yi tafiyar yini biyu. Tsofaffin mata suka taru suka ce wadda ba a yi wa baftisma ba, ba ta da suna, ba ta kwanciya a cikin masu gicciye. Na ɗauke ta a akwatin da bai kai na takalmi biyu ba, na haƙa a bakin rafi inda ƙasa ta fara saki. Ina mai da ƙasa na kira ta Varvara, Varya a taƙaice, sunan kakata, don kada ta tafi haka.

Na faɗa miki a ranar. Kika juya fuska ga bango. Tun daga nan in kin aike ni ɗebo ruwa sai ki ce rafi, in kin kira akuya sai ki ce tana can ƙasa. Mun haifi Gena, mun aurar, mun tsufa, haƙoranmu sun zube a kwano ɗaya, ban taɓa jin Varya a bakinki ba. Na ce a raina matar nan zuciyarta dutse ce. Na faɗa, kuma ban janye ba.

Yanzu ga layin nan yana jira. So nake in rubuta, sunan 'yar Yarmolai da Tayisiya ce, ta yi kwana shida a duniya. In kin yarda ki aiko da kalma ɗaya. In ba ki aiko ba, ranar ashirin da uku zan hau bas in kai yadda na ga dama.

An fara sanyin safe. Safar ulu ɗinki tana nan a kan murhu inda kika bar ta.

Ni ne,
Yarmolai.

Koryagino,
23 ga Oktoba.

Tayisiya,

Gaisuwa, tunda haka aka saba. Lafiyata kada ki tambaya.

Ina tsaye a bakin kwalbati da kwat da takarda ina jiran bas, Raisa ta sauko daga cikinta ta miƙo mini wasiƙarki. Na buɗe a tsaye. Direba ya yi ham sau biyu ya ja motarsa.

Na karanta sau huɗu, ko baƙaƙenki ne suka karkace. Kin ce a rana ta biyar, ina can ina fama da kogi, kika ga yarinyar ba za ta kai ba. Kika faki idon mahaifiyata tana wurin saniya, kika ja jiki da zazzaɓi har bakin rafin nan, kika ɗebo ruwa a kofin shayi, kika zuba mata sau uku kika faɗi kalmomin baftisma yadda kika ji kakarki tana faɗa. Kika kira ta Anfisa, sunan mahaifiyarki. Ke nan da sunanta ta tafi. Ke nan wadda na binne a waje kamar 'yar kyanwa tana da hakkin kwanciya kusa da kakanninta.

Anfisa. Shekara arba'in da shida ina tsayawa a gindin bishiyar nan ina kiran yarinya da sunan da ba nata ba. Na koya wa gari guda kuskure. Na ci kabejin Klava, na yi wa mataccen kare ƙazafi, na cire hula a gaban Arhip, duk a kan sunan da ni na ƙaga. Kina kallona ta taga kowace shekara ina gyara tudun, kina jin abin da nake cewa, kika bar ni. Wane irin mutum ke yin haka, Taya?

Na ga dalilinki, ba sai kin ja masa layi ba. Kin faɗa wa mahaifiyata da yamma, ta toshe miki baki da tafin hannu. Ta ce uwa ba ta yi wa abin da ta haifa baftisma, wadda ta yi kuwa ta zama 'yar'uwar mijinta a wurin Allah, aure ya warware, in tsofaffi suka ji sai sun raba mu ɗaki. Shekararki goma sha tara, kika yarda. Kika zaɓi a kai ta bakin rafi da a raba ki da ni. Wa ya ce ki saye ni da wannan? Wa ya tambaye ni? Ni da ban taɓa sauraren tsofaffin nan a kan ko ranar shuka ba, da kin faɗa mini da na ɗauke ta na kai maƙabarta da rana tsaka, in ga wanda zai tare ni.

Mahaifiyata ta rasu tun saba'in da huɗu. Daga nan fa? Kin ce lokacin sunan ya riga ya kama gari, kika ga shi kaɗai nake da shi, ba ki iya ƙwace mini ba. To na gode da sadaka.

Sai layinki na ƙarshe, wanda kika danna biro har ya huda takarda. “Shekara arba'in da shida kana faɗa, Yarmolai, ba ka taɓa tambaya ba.” Wannan ƙarya ce. Na zauna a kan kwalbatin nan har ƙafata ta mutu ina neman ranar da na tambaye ki. Zan tuna ta. Don ban tuna yau ba, ba shi ne babu ba.

Na je maƙabarta daga nan na tsaya a kan mahaifiyata na faɗa mata abin da ban taɓa faɗa mata tana da rai ba. Klava ta gan ni ta yi alamar gicciye ta canja hanya.

Saura bas ɗaya kafin su rufe littafin. Takardar tana kan tebur, biyar sun sa hannu a kan Varya. Matar ofis ta riga ta ce sunan da ke bakin mutane kaɗai suke karɓa, ke nan ko na so in sa ɗayan ba za su karɓa ba. Kada ki rubuto mini shawara.

Yarmolai.

Koryagino,
2 ga Nuwamba.

Zuwa ga matata Tayisiya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata an yi aikin ido na biyu lafiya. Ki gaida Gena, ki gaida Larisa ma, tunda ita ke dafa miki abinci.

Ban hau bas ɗin ba. Na sa kwat, na fito har bakin hanya, ta zo ta tsaya ta buɗe ƙofa, na ce wa direba ya wuce. Ba zan sa hukuma ta buga hatimi a kan kuskurena ba, na kuma gaji da kai 'yata gaban mai kwando a ka tana leƙenta ta saman tabarau. Littafinsu ya rufu. Allon yana nan yadda yake, kuma zai daɗe bayan ni da ke.

Kada ki ɗauka na huce. Na dai bi gida huɗun nan na faɗa musu gaskiya, don ban saba karɓar sa hannun mutum a kan abin da ba haka ba. Zinaida Pavlovna ta yi kuka, sannan ta fara cewa ai dama ta gaya mini mutanen dā, abin da aka fi ji da shi, na ce ta riƙe sauran, na ji tun farko, ba kurma ba ne ni. Klava ta ce duk matan garin da sun san haka da sun tsaya miki. Ƙarya take, uwarta ce kan gaba a ranar. Arhip ya ci gaba da faskarensa. Washegari na tarar da guntun katakon oak a jingine a shingenmu, busasshe, irin wanda yake ɓoyewa ba ya ba kowa. Game da rafin kuwa ya ce shi bakinsa ya riga ya saba, Varya zai ci gaba da cewa, in na ga dama in bi shi da manjagara. Na ƙyale shi. Rafi ya riƙe wancan sunan, ai ya yi masa hidima.

Na nemi ranar da na ce zan tuna, ranar da na tambaye ki. Babu ita.

Na sassaƙa gicciye da katakon, na kafa a gindin ryabina jiya kafin ƙasa ta daskare. Na juya fuskarsa wajen ruwa, ya ba hanya baya, masu wucewa su karanta allon gwamnati ya ishe su. Na goge wurin rubutu ya yi sumul, na sayi farin fenti a motar burodi, na wanke ɗan buroshi. Amma ban rubuta ba. Na gwada a bayan ambulan sau biyar, kowanne daban ya fito, ni kuwa na riga na yi wa yarinyar nan kuskuren suna sau ɗaya. Ke kika raɗa, ke za ki rubuta, tunda yanzu ina fata kina gani da ido biyu. Kuma so nake in ji shi a bakinki a wurin, da ƙarfi, ba a takarda ba.

Har ki zo, gicciyen da ke bakin ruwa ma babu suna a jikinsa, ni kuwa ba zan iya kallon marasa suna guda biyu ba. Bas tana nan ranar Alhamis. Zan hura murhu tun safe, in tsaya a kwalbati. In an yi dusar ƙanƙara ki sa takalmin Larisa, naki yana shan ruwa.

Ki taho da butar.

Ni ne mijinki, yadda aka ɗaura, babu wanda ya warware,
Yarmolai.